Mako ɗaya a tsibirin Moris da Hajiya da yara: wane lambu za a shiga, wane dutse za a bari?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina so in kai iyalina hutun mako ɗaya tsibirin Moris idan yara sun samu dogon hutu, in Allah ya yarda. Mu biyar ne: ni da uwargida, da yara biyu 'yan shekara 9 da 13, da Hajiya mahaifiyata, wadda ta haura sittin kuma tana fama da ciwon gwiwa. Mu ba ma'abota wankan teku ba ne. Abin da muke so shi ne lambunan itatuwa, da yawo a daji, da ganin ruwa mai zubowa daga kan dutse. Ina ya kamata mu je, me za mu tanada tun daga Kano, kuma akwai haɗari?" Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya nuna mana lokacin, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da kake nema shi ne tsarin da zai ɗauki mutum biyar masu ƙarfi daban-daban a ƙasar da ba ku saba da yanayinta ba. Wuraren da ake tallatawa da sunan yawon daji a Moris ba aji ɗaya ba ne. Akwai wanda Hajiya za ta zaga da sandarta tana hutawa a benci, akwai wanda yara za su iya in an tashi da wuri, akwai kuma wanda sai an kama dutse da hannu biyu. Yawancin wahalar da iyalai ke sha daga haɗa waɗannan ukun a rana guda take, saboda direban da aka ɗauka ya ce duk "kusa" suke.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kamar kilomita 65, faɗinsa kamar 45, yana tekun Indiya gabas da Madagaska. Amma filin jirgin sama yana kudu maso gabas, babban lambun yana arewa, dajin yana kudu maso yamma, kuma cunkoson motoci a kewayen babban birnin, Port Louis, ba wasa ba ne safe da yamma. Don haka nake ba masu irin niyyarku shawarar su kama masauki a gaɓar yamma, wajen Flic en Flac ko Tamarin. Daga nan dajin yana kusa, lambun kuma tafiyar awa ɗaya ce ko ɗan fiye.

Lokacin da kuka zaɓa

Dogon hutun makaranta a nan, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ya faɗo a lokacin sanyin Moris, domin tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu. Wannan sa'a ce. Daga Mayu zuwa Oktoba, wato raninsu, ruwa yana raguwa, zafin rana a bakin teku yana tsayawa wajen digiri 24 zuwa 26, kan tudu kuma ya fi haka sanyi, har da safe sai an sa rigar sanyi. Iska tana kaɗawa sosai a gaɓar gabas da ta kudu a watannin nan, wani dalili ke nan na zaɓar yamma. Hutun Disamba kuwa yana faɗowa cikin zafi da laima, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu ne lokacin guguwar teku, wadda ta fi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Hukumar yanayin ƙasar tana ba da gargaɗi mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 4, kuma da zarar an ba da ko na farko, babu mai hankalin da zai shiga daji.

Kada kalmar "rani" ta ruɗe ka. Tudun tsakiyar tsibirin, inda dajin yake, yana samun ruwan sama ninki huɗu ko fiye na abin da Kano ke samu a shekara. Ana iya barin masauki a bakin teku rana tsaf, a hau tudu bayan rabin awa a tarar da yayyafi da hazo.

Lambun Pamplemousses

Da shi za ku fara, kuma na kowa da kowa ne. Cikakken sunansa lambun Sir Seewoosagur Ramgoolam, firaministan ƙasar na farko, amma kowa Pamplemousses yake ce masa, sunan garin da yake ciki, arewa maso gabas da Port Louis. Faɗinsa kamar hekta 37 ne, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, hanyoyi masu faɗi da inuwa. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Poivre ne ya mai da shi lambun gwajin itatuwa a 1770. A zamanin Turawan Holan ne suka kankane cinikin kanumfari da gyaɗar ƙamshi, ba su yarda irinsu ya fita daga tsibiran Maluku na Indonesiya. Poivre ya sa aka fito da dashen a ɓoye aka raine shi a nan, daga wannan yankin ne kuma daga baya kanumfari ya isa Zanzibar. Yaran da suka saba ganin kanumfari da kirfa a busashe a kasuwar Kurmi za su ga bishiyoyinsu a tsaye.

Abin da ya fi jan mutane shi ne dogon tafki mai ɗauke da ƙaton badon Amazon. Ganyensa zagaye ne da baki a tanƙwashe sama kamar babban tiren biki, faɗinsa yana iya kaiwa mita biyu. Furensa fari yake buɗewa daren farko, dare na biyu ya koma ruwan hoda. Sai dai ganyen ya fi girma a watannin zafi, musamman Janairu, don haka a Agusta ku sa rai da matsakaita, kada yara su ce an yaudare su da hoton intanet. Sai dangin giginya da kwakwa, iri sama da 80 daga sassan duniya. Ka nemi a nuna muku wadda ake kira talipot, 'yar asalin Indiya da Siri Lanka: takan yi shekara 30 zuwa 80 ba ta yi fure ba, ta yi sau ɗaya tak, sannan ta mutu. Akwai kuma keji na manyan kunkuru da na barewar Java a ciki.

Ana buɗe ƙofa wajen takwas da rabi na safe. Ku isa a lokacin, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin da hantsi. Awa biyu zuwa biyu da rabi ya isa. Kuɗin shiga daban, kuɗin ɗan jagora daban, kuma ina ganin ɗaukar jagora ya cancanci kuɗinsa, domin ba kowace bishiya ke da allon suna ba, wasu allunan kuma sunan kimiyya kawai ke jiki. Ba tare da shi ba mutum zai wuce bishiyar kirfa bai san ya wuce ta ba. Ku yi ciniki kafin a fara, ka tabbatar ko kuɗin na kowane mutum ne ko na iyali duka, ka kuma gaya masa akwai dattijuwa, ya bi gajeriyar hanya zuwa tafkin bado tukuna. A shafa maganin sauro a ƙafa da hannu tun a mota, saboda ruwan kwance yana da yawa a lambun.

Kusan duk abin da ke lambun nan baƙo ne, an kawo shi daga wata ƙasa. Ainihin dajin Moris an sare shi tun zamanin Holan da Faransa da Ingila, don katako da noman rake, abin da ya rage mai kyau bai kai kashi 2 cikin 100 na tsibirin ba. Wanda ke son ganin wannan ragowar sai ya je wurare biyu masu zuwa.

Ile aux Aigrettes, wurin da mutane ke tsallakewa

Wani ɗan tsibiri ne mai hekta 26 a gaɓar kudu maso gabas, kusa da garin Mahébourg, tafiyar 'yan mintuna a ƙaramin jirgin ruwa. Gidauniyar kare namun dajin Moris ce ke kula da shi, ba a shigarsa sai da jagoranta, kuma sai an kama gurbi tun kafin ranar. Zagayen bai wuce awa biyu ba, ƙasa ce marar tudu. A nan ake ganin kurciyar nan mai ruwan hoda, wadda a farkon shekarun 1990 ba ta fi guda goma ba a daji, da manyan kunkuru suna yawo a sake, da bishiyar baƙin katako, 'yar gida ɗaya da kanyarmu. A ganina, ga iyali mai yara da dattijuwa, wannan ya fi kowane wuri amfani bayan lambun. Abin lura guda biyu ne: hawa da sauka daga jirgin na buƙatar mutum biyu su riƙe Hajiya, ƙasar kuma busasshen murjani ce mai kaifi, silifas ba zai yi ba. Tunda kusa da filin jirgi yake, ana iya ajiye shi a ranar kusa da ƙarshe.

Dajin Black River Gorges

Shi ne babban gandun dajin ƙasar, an ayyana shi a 1994, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 67, da hanyoyin ƙafa sama da kilomita 50. Ƙofa biyu ce ta shafe ku. Ta sama ita ce Pétrin, a kan tudu. Ta ƙasa tana ɓangaren yamma, ta garin Black River, a gindin kwazazzabo. Bambancinsu shi ne komai: wanda ya shiga ta ƙasa hawa zai yi ta yi, wanda ya shiga ta sama zai fara da miƙaƙƙiyar hanya.

Hajiya ba ta buƙatar shiga hanyar ƙafa ko ɗaya kafin ta ga dajin. Titin mota da ya ratsa tudun yana da wurin tsayawa a Alexandra Falls da kuma babban wurin hangen kwazazzabo, kowanne 'yan taku ne daga inda ake ajiye mota, kuma daga nan ana hangen ruwa yana zubowa da dajin har zuwa teku. Birai suna taruwa a wuraren nan. Kada yara su riƙe leda ko abinci a hannu, kada kuma a ba su komai, domin suna fizga kuma suna cizo. Titin yana gangarawa Chamarel, inda ake biya a ga ƙasa mai launi bakwai da wani dogon ruwa mai zubowa kusan mita 100, shi ma daga dandamali ake kallo. Wannan ya zama rana guda ta mota ga kowa. Direbobi kan cusa masana'antar giyar rake ta Chamarel cikin jerin, ka faɗa masa tun da safe ya cire ta.

Wata rana daban, Hajiya ta huta a masauki, sauran ku shiga ta Pétrin zuwa wurin hange na Macchabée. Hanya ce mai faɗi, hawa da gangara kaɗan, zuwa da dawowa zai ci awa uku zuwa huɗu da yara. Daga Macchabée hanyar tana ci gaba ta gangara ƙasa zuwa ɗaya ƙofar, jimla kamar kilomita 10 daga Pétrin, amma gangarar tana da tsanani, kuma sai an shirya mota ta zagaya ta tarye ku. Da ɗan shekara 9 ban ba da shawarar ta ba. Ku juya ta inda kuka zo. A hanya ku sa ido ga manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, da koren aku, da fararen tsuntsayen teku masu doguwar jela suna shawagi a kwazazzabo. Akwai kuma ɗan ƙaramin shahon Moris, wanda a 1974 guda huɗu kacal aka san sun rage a daji kafin a ceto irinsa. Ganinsa sai sa'a. Kurmin gwaiba mai jajayen 'ya'ya da za ku gani ko'ina ba na gida ba ne, baƙuwa ce da ta mamaye dajin take shaƙe itatuwan asali, shi ya sa za ku ga wurare an kewaye da waya ana cire ta.

Ƙololuwar tsibirin, mai tsawon mita 828, tana cikin dajin nan, hanyarta kuma laka ce mafi yawan shekara, ƙarshenta tsaye. Sai dutsen Le Morne, mita 556, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008 saboda mafakar bayin da suka gudu ce. Rabin hanyarsa na farko kowa mai lafiya zai iya. Rabi na biyu rarrafe ne a kan dutse, rami a gefe, kuma saukowa ta fi hawa wuya. In kai kana sha'awa, ka je da jagora da sassafe, ba a ranar da aka yi ruwa ba, ba kuma da yara ba. Haka ruwayen Tamarind guda bakwai: hotonsu na ɗaukar hankali, amma hanyar ba ta da alamu sosai, duwatsun da santsi, sai da jagora.

Abin da ke kayar da Bakano

Ba namun daji ba ne. Tsibirin ba shi da maciji mai dafin kisa, ba shi da manyan namun da ke farauta. Abu uku ne: santsi, ƙishirwa, da duhu.

Jar lakar tudun tana da santsi ƙwarai in ta jiƙe, ga saiwoyin itatuwa sun ratsa hanya. Kowa yana buƙatar kambas mai ƙasa gargada-gargada, ba mai sumul ba. Ana samu a Sabon Gari ko gwanjon Ƙofar Wambai. A saya da wuri a yi mako biyu ana sawa, da safa mai kauri, domin sabon takalmi a daji bororo yake jawowa tun awa ta farko. Ya fi girman ƙafa da kaɗan, in ba haka ba yatsu za su yi ta bugun gaba a gangara har farce ya yi baƙi. A wannan makonnin ku riƙa hawa Dala ko Goron Dutse da yara da sassafe, sau biyu ko uku a mako. Wanda ya ji gwiwarsa na rawa a saukowa ya san matsayinsa tun a gida.

Zafinmu busasshe ne, gumi yana bushewa ya sanyaya jiki. Can iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, mutum yana zubar da ruwa fiye da yadda yake zato ko da babu rana. Lissafin shi ne rabin lita ga kowane babba a kowace awa, wato lita biyu ga tafiyar awa huɗu, da ƙarin lita ɗaya ta ko-ta-kwana. Babu shago a cikin dajin, kuma ba a shan ruwan rafi. A ɗauki ƙunshin gishiri da sukari na kemis, da dabino, da gyaɗa. Ciwon kai, jiri, ko yaro ya yi shiru ya daina surutu, alama ce ta a zauna a inuwa a sha ruwa a juya.

Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida a Yuli da Agusta, cikin kwazazzabo kuma duhu yana riga ta. Ku shiga kafin takwas na safe, ku tsayar da lokacin juyawa, misali sha ɗaya, ko an kai inda ake so ko ba a kai ba. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare, don haka a sauke taswirar yankin a waya tun a masauki, a cika caji, a gaya wa direba hanyar da aka bi da lokacin fitowa. Lambar 'yan sanda 999, ta motar asibiti 114.

Batun sutura: shadda da babbar riga su tsaya a masauki. Riga mai dogon hannu marar nauyi da wando mai saurin bushewa sun isa. Uwargida ta sa wando mai kauri a ciki, da riga zuwa gwiwa, da hijabi matsakaici. Doguwar abaya tana jan laka, ana taka ta a hawa, ƙaya tana kama ta. Kowa da 'yar rigar ruwa a jaka, lema ba ta aiki a iskar tudu. Maganin sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 ya wadatar. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ba dare kaɗai ba. Akwai kuma rina mai ruwan ɗorawa da ke yin gida a ƙarƙashin ganye, wanda ya san harbinta na kumbura shi ya tafi da maganinsa.

Salla, abinci da takardu

Musulmi sun kai kamar kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar, masallatai suna nan a garuruwa, babban masallacin Juma'a na Port Louis kuma yana kan hanyarku ta dawowa daga lambun. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata yamma, kada sabo ya sa ku fuskanci mafitar rana. Agogonsu yana gaban namu da awa uku. A daji a ware gorar alwala daban da ta sha. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla kuwa ka tambayi malaminka kafin tafiya. Abincin halal ba ya wuya a gari, amma a otal a tambaya, ranar daji kuma a tafi da guzuri.

Babu jirgi kai tsaye daga Kano, sai an sauya a wani birnin kamar Nairobi ko Dubai, don haka kwanan farko na hutawa ne, musamman ga Hajiya. Ana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. Sharuɗɗan biza da kuɗin shiga wurare suna sauyawa, ka tabbatar da su daga hukumomin ƙasar kafin ka biya kuɗin tikiti, ka riƙe shaidar masauki da tikitin dawowa a takarda. Ƙasar tana da tsauri kan ƙwayoyi, saboda haka maganin gwiwar Hajiya ya kasance cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita, musamman in mai ƙarfi ne. Ni ba likita ba ne, shi zai faɗi iyakar tafiyar da gwiwar za ta ɗauka, a tambaye shi har da batun doguwar zama a jirgi.

Kilishi da dambun nama da ɗanyun 'ya'yan itace na iya tsayawa a hannun jami'an filin jirgi, kada a dogara da su a matsayin guzuri. A dawowa ma haka: ba a tsinkar ganye ko iri a lambun ko a gandun daji, kuma shigo da dashe ko iri Najeriya na buƙatar izinin hukumar killace tsirrai. In Hajiya ta ƙyalla ido kan wata bishiya tana son ta a tsakar gida, a ɗauki hoton allon sunanta a nemi irinta wurin masu sayar da dashe a Kano. Mafi yawan itatuwan can ma ba za su jure hunturu da bazararmu ba. Busasshen kanumfari da banila da ganyen shayi a ƙunshe, waɗannan ana sayensu a kasuwar Port Louis, kuma a can ma ana taya farashi.